Abin da Gwaggo Tsafta Ta Zuba a Ramin Gas

Shekara ashirin da shida Gwaggo Tsafta ta yi tana girki da itace a gidan abincin da ke bayan kasuwa, hayaƙi kuwa bai ƙyale ta ba. Ya rina mata ido, ya zaune mata a ƙirji, har likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa in ta ƙara shekara guda a gaban murhun itace, to ta yi sallama da numfashi. Sunan Tsafta ma ba a banza ta same shi ba. Mace ce da za ta wanke cokali, ta ɗaga shi ta harare shi, ta sake wankewa.

Mai gidan abincin ɗan yayanta ne. Shi ya kawo mai gyara, wani siririn mutum mai surutu, ya gina rami a bayan kicin, ya kife duron ƙarfe a kai. Kullum sai a zuba ɓawon kayan miya da ragowar abinci da kashin shanu, su ruɓe a ciki, gas ya taru ya ɗaga duron, ya bi bututu zuwa murhu. Wuta shuɗiya, ba hayaƙi. Jujin bakin kwata ya ɓace, ƙudaje suka ragu, motar itace ta daina zuwa, masu lambu suna rububin ruwan takin da ke fita ta ɗaya gefen. Wata takwas Gwaggo ba ta yi tarin nan mai durƙusar da ita ba.

Sai dai ta tsani bakin ramin nan. Ran da ta ji masu duba tsafta za su zo, ta juye jarkar bilic guda, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a inda ake zuba sharar, ta goge wurin har yana ƙyalli. Baƙi suka yaba suka tafi. Kwana uku duro ya fara sauka, a na biyar wuta ta mutu da tukunya a kai.

Ɗan yayanta ya aro tukunyar gas ta sayarwa, ya same ta a kicin.

"Gwaggo, wannan tukunyar mako biyu da 'yan kwanaki za ta yi mana. In ramin bai tashi ba, itace zan sauke. Ba zan bar ki a hayaƙi ba, sai ki huta a gida in nemo wata."

Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, kicin ɗin nan shi ne gidan. Hutun da yake faɗa ita a wajenta zaman jiran mutuwa ne.

Kwana biyu mai gyara yana shafa kumfar sabulu a jikin bututu yana neman inda ke yoyo, bai samu ba. A rana ta uku ya zo da guduma. Ya ce tabbas ginin ne ya tsage daga ƙasa, sai an fasa, sake ginawa kuwa sai wata uku.

"Abin da mamaki," in ji shi. "Ramin nan ciki ne irin na saniya, akwai 'yan halittu masu rai da ke narkar da sharar. Ba sa mutuwa haka kawai, sai dai in guba aka ba su."

Gwaggo na tsaye da ludayi a hannu. In ta yi shiru, a fasa ramin. In ta yi magana, kasuwa duka ta ji. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Malam, ajiye gudumar. Ni na wanke shi."

"Da me, Gwaggo?"

"Da bilic. Jarka guda."

Mai gyara ya nisa ya ce, "Gwaggo, ai wankan gawa kika yi masa."

Magani ɗaya ne, in ji shi. A kwashe rabin ramin, a zuba abin da ke cikin tumbin saniyar da aka yanka yanzu, da ɗuminsa, kullum da safe. Mai shi kuwa mahaucin nan ne da ta hana zama a bencinta shekara da shekaru saboda warin rigarsa. Ɗan hakin da ka raina! Ba ta aiki kowa ba, da ƙafarta ta je mayanka.

"Gwaggo, ke ce a nan? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara," in ji mahauci. Ya cika mata bokiti, ya ɗora mata a ka.

Kowace safiya ta ɗauko, ta zuba, ta ja layi da gawayi a jikin duro daidai bakin ramin. Duro ko motsi. A rana ta takwas aka sauke itace aka jingine da bangon kicin. Washegari wata mata da ɗan yayanta ya nemo ta zo tana leƙa tukwane, tana tambayar inda ake ajiye gishiri. Gwaggo ta nuna mata.

A rana ta goma sha ɗaya layin gawayi ya hau da yatsa biyu. Ta murɗa murhu, ta ƙyasta ashana, iska ta fito ta hure ta. Mai gyara ya ce iskar farko ba ta kamawa, a sake ta ta fice, a jira. Tukunyar aro kuwa ta yi sakayau, da hannu ɗaya ake ɗaga ta.

Kwana biyu bayan haka ta sake ƙyastawa. Wutar ta yi kamar ba za ta kama ba, sannan ta zagaye bakin murhun, 'yar ƙarama, shuɗiya. Gwaggo ta ja numfashi har ƙasan ƙirjinta, bai sarƙe ba.

Ta je ta wanke hannu sau biyu, don mai hali ba ya fasa halinsa. Da rana ta cika kwanon farko, ta leƙa waje inda mahauci ke tsaye a rana kamar kullum, ta goge benci da gefen zanenta.

"Malam, shigo ka zauna."