Jan zaren da na tsinke

Shekara bakwai ke nan, a wannan wata na azumin tsofaffi, da mota ta kashe mini ɗana a hanyar Kalgo. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma yau zan fara ba. Ɗiyata Luba da ke rubuta abin da nake faɗa, ita za ta sa muku shi: Haliru. Ni Mai Na'ura nake ce masa.

Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Duk Gwandu an sani, in ana neman wa ya haifi wa, ko wa ya gina wace rijiya, a ƙofata ake sallama. Mai Na'ura ne ya ce kai ɗaya ya yi kaɗan ga wannan kaya. Shekara uku yana goya ni a babur, Dalijan, Ceberu da ƙauyukan tsakani, muna zama da tsofaffin mata. Ni in buɗe musu baki, shi ya ɗauki murya: waƙar niƙa, waƙar daɓe, kirarin masunta, jerin kakanni. Yawancin matan nan yau ƙasa ta rufe su.

Muryoyin yana zuba su cikin wata kwamfuta a ɗakinsa mai faifai huɗu a ciki. Ba irin faifan da muke rufe ƙwarya ba, ƙarfe ne mai nauyi, girman sabulun wanki. Ya ce magana in ta shiga, yanyanka ta ake yi a raba wa huɗun, kuma kowane na riƙe da shaidar abin da ke hannun 'yan'uwansa. In ɗaya ya mutu, ukun su haɗu su dawo da nasa. In biyu suka tafi, an yi asara.

Wata rana da hantsi ya kunna mini waƙar niƙan wata tsohuwa ta Ceberu, Ige. Na ce ya tsaya, an tsallake baiti. Ya duba allon ya ce na'ura ta ce komai lafiya.

Na ce, "Na'urarka ƙarya takai. Ina zaune aka yi waƙar nan."

Ya yi dariya ya ce na fara rikicin tsufa. Kwana biyu bayan nan dariyar ta ƙare. Ya sa na'urar ta bi faifan huɗu tana gwada na wannan da na wancan, ta ce lalle akwai wuraren da bakinsu bai zo ɗaya ba, amma ba ta san wa ke da gaskiya ba. Ya sake wayoyin ciki. Ya buɗe ya hure ƙura. Ya yi yini guda yana gwada ƙwaƙwalwar na'urar. Ya zargi wutar lantarki da ke ɗaukewa ana tsakiyar rubutu, ya haɗa batir. Duk da haka ɓarna na ƙaruwa. Daga ƙarshe ya fitar da faifan ɗaya-ɗaya, ya riƙa tambayar kowane abu guda, ya sake, ya sake. Uku ba su sauya amsa ba. Na huɗun kowane karo da abin da yake faɗi.

Ya ce, "Inna, ga shi nan. Da mutuwa ya yi da tuni na gane. Wanga da ransa, ƙarya kawai yakai."

Da ya cire shi, waƙar Ige ta dawo da baitinta. Ya roƙe ni jan zare daga kayan saƙata, ya ɗaure wa maƙaryacin, ya ce kada kowa ya mai da shi ciki. Sauran ukun, in ji shi, yanzu ba su da mataimaki, sai ya karɓo sabon faifai wurin abokinsa Sa'idu a Kalgo. Ya je ya karɓa. A hanyar dawowa ne aka yi karon, sabon faifan ma bai tsira ba.

Abin da ya biyo baya ban taɓa faɗa wa jama'a ba sai yau.

Da aka zo rabon kayansa, dangin matarsa Kulu sun taso daga Kalgo. Aka sayar da gangar kwamfutar, faifan huɗu aka ce kowa ya riƙe ɗaya: ni, Kulu, Luba, da ƙanensa Bello. Kafin a shigo da su tsakar gida, idona ya faɗa kan jan zaren. Na san bakin mutane. Ƙarfe ɗaure da jan zare a ɗakin mamaci, kafin la'asar an kai labari Kalgo cewa gidanmu ana asiri. Na sa haƙori na tsinke shi. Na ce a raina, ni da na riƙe kakannin gari guda, ƙarfe ɗaya ne zai ɓace mini? Aka juya su a tabarma, hannu ya bi hannu. Duk huɗun kamarsu ɗaya.

Bayan shekara biyu Bello ya zo ya ce, "Inna, ba kin ce ɗaya ya lalace ba? In nawa ne, 'yan gwangwan na sayen tsohon ƙarfe." Kalma uku ce ta kamata: ban sani ba. Bakina bai saba da ita ba. Na juya faifan a hannu kamar mai duba goro, na ce shi ne. Ya tafi da shi.

Bara Sa'idu ya ce a tara ukun ya gwada. Na je Kalgo da kaina, na zauna a shagonsa. Yana haɗa su na'ura ta nuna masa wanda aka taɓa cirewa. Nawa ne. Shekara shida maƙaryacin na cikin akwatina, naɗe a zanen aurena, mai gaskiya kuwa an fasa shi da guduma. Sa'idu ya ce, "Inna, sai dai mu tilasta wa wanga ya yi shaida, mu karɓi abin da Allah Ya ba mu." Mako uku yana tsinta. Abin da ya fito, waƙa ta fara da muryar mace ɗaya ta ƙare da ƙara kamar ruwa a kan kwano. Jerin kakanni ya tsinke a tsakiya. Na Ige ko baiti ɗaya bai tsira ba.

Ina duban zamanin nan ina tunanin me zai ce. Farantan wutar hasken rana sun hau rufin gidaje, wutar da ya yi ta fama da ita ta samu. Amma kowa ya tara hotunan iyayensa da muryar 'ya'yansa a waya ɗaya, ta faɗa ruwa a zauna ana salati. Na san zai tambaye su, ina na biyun? Wa ke gwada shi da na farkon? Ni kuma ban san da wane ido zai dube ni ba.

Cikin abin da Sa'idu ya ceto akwai guntu ɗaya da ba waƙa ba. Muryarsa ce, a wani zaure a Dalijan, yana cewa, "Inna, sake faɗi, ban kama ba." Daga nan sai ƙara.

To, ina sakewa. Duk Juma'a Kulu na hawo mota daga Kalgo, ko da ta yi wani aure, ta zauna da Luba da matar Bello, in ba su abin da ke kaina. Kowace ta maimaita a gaban 'yan'uwanta, in bakinsu ya saɓa a tsaya sai an gano wa ta kauce. Makon jiya su uku suka haɗu a kan baiti ɗaya na waƙar Ige, ni kaɗai na bambanta. Na buɗe baki zan ce ina zaune aka yi waƙar, sai na tuna. Na ce musu ban sani ba, su riƙe nasu.

Allah Ya jiƙan Mai Na'ura, Ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi. Zaren yana nan a bakin zanena.