Azurfar Da Ba Sunan Gari A Jikinta

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata 'yar azurfa da aka ba ni amana a Alƙahira ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatu, ina haya a unguwar Faisal. A ƙasan benenmu akwai wani tsoho Bahaushe mai gyaran takalma. A Sudan ya tashi. Iyayensa sun rasu a hanyar Makka yana ƙarami, ko sunan garinsu bai riƙe ba. Abin da ya gada kawai wani tsohon kuɗin azurfa ne mai huji, wanda uwarsa ta rataya masa a wuya.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni ya danƙa mini. "Ɗana, ku ne masu karatu. Raina yana ba ni sunan garinmu ne rubuce a nan. Samo mini mai karantawa."

"To Baba, in sha Allahu," na ce.

Na shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Ma'adi, wurin wani dattijo ɗan Masar da ya daɗe yana koyar da tarihi. Ya ɗauko tabarau, ya juya azurfar a tafin hannunsa. Ya nuna mini kan wani mutum mai gemu da rawanin ganye, sannan ya bi haruffan da suka suɗe ɗaya bayan ɗaya.

"Dinarin azurfa ne na Rumawa," in ji shi. "An buga shi tun kafin zuwan Musulunci. Wannan sunan sarkinsu ne da kirarinsa."

"Babu sunan gari?"

"Ma'alish, yi haƙuri, ɗana. Babu."

Na dawo gida. Na kasa fuskantar Baba. Kwana uku ina wuce ƙofarsa da sanɗa, ina jiyo tarinsa, ina ce wa kaina tausayi ne. Yanzu na san tsoro ne kawai.

Rana ta huɗu na dawo daga darasi bayan la'asar, na tarar an shimfiɗa tabarmi a bakin bene. Baba ya rasu, har an kai shi. Matarsa ta dube ni ba tare da fushi ba, ta ce, "Duk wanda ya taɓa ƙofa, sai ya tambaya ko kai ne."

Na miƙa mata azurfar.

Tun daga ranar na gane cewa wanda ya aike ka yana jira, ko amsar mai ɗaci ce, hakkinsa ne ka kai masa ita, ka zauna kusa da shi ya ji ta. Shiruna bai rage wa Baba komai ba, ya dai bar shi ya mutu yana sauraron ƙofa.