Mutumin da Ya Rubuta Baƙinmu a Bango

Duk wanda ya zauna unguwar Nuzla ta Jidda ya san ƙarar bokitin Baba Rafi'u. Da an sallame asuba zai fito, bokiti a hannu, tsintsiya a kafaɗa, ya bi ta bayan gidan burodi ya miƙe zuwa masaukin alhazai na kusa da tashar jirgin ruwa. Aikin da aka ɗauke shi shara ce. Amma kafin ya sa tsintsiya a ƙasa sai ya bi ɗaki-ɗaki yana leƙawa, yana cewa, "Kowa ya tashi?" In aka ce kowa ya tashi, ya yi hamdala ya kama shara. In aka yi shiru, ya jingine tsintsiyar ya naɗe hannun riga.

Shekara goma sha huɗu yana wannan. Mutanenmu ne yake wankewa ya sa musu likkafani, 'yan Zazzau da Damagaram da Haɗeja, waɗanda suka sha hanya ta Sudan, suka iso Jidda jiki ya ƙare. Ga Makka nan kusa, Allah bai nufa ba. Watan jiya ya ajiye aiki, ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Ba a yi masa taro ba, ba a ba shi ko takarda ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da muka gani da idonmu.

Kun san a ƙasar nan ba a sa wa kabari alama. An binne mutum, shi ke nan, ƙasa ta zama ɗaya. To shi Baba Rafi'u in ya dawo daga maƙabarta ba ya cin abinci sai ya shiga zauren gidan da yake haya, ya jiƙa tawada, ya rubuta a bango da ajami: sunan mamacin, sunan ubansa, garinsu, da ranar da ya cika. Mutum ɗaya layi ɗaya. Matarsa Mastura, Allah ya jiƙanta, ta sha yi masa tsiya. "Mazan mutane suna kawo wa matansu turmin zane, kai sai ka tara mini matattu a zaure." Shi kuma ya ce, "Ai ba sa taɓa miki tuwo."

Ina nan ranar da wata mata mai suna Barakatu ta zo daga Gumel. Shekara bakwai da tafiyar mijinta haji, ba shi ba labarinsa, 'yan gari suna ce mata ya yi aure a Makka ya manta da ita. Baba Rafi'u ya tambayi sunansa, ya bi bango da yatsa, ya tsaya a wani layi. Ya ce, "'Yata, ni na wanke shi. Ko Makka bai kai ba, balle ya yi aure." Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye ta ce, "Allah ya yafe mini, shekara bakwai ina zagin bawan Allah."

Wannan bango kuwa saura kaɗan a shafe shi, kuma ga yadda aka yi.

Baba Rafi'u mutumin Maiwurno ne ta Sudan, ya yi zaman neman abinci a Halfa. Lokacin da aka ce ruwan madatsar Masar zai cinye ƙasar, wasu Turawa suka zo haƙa kafin ruwa ya iso, suka ɗauke shi cikin masu kwasar rairayi a wani wuri da ake kira Faras. A ƙarƙashin tudu suka tarar da tsohuwar coci, bangonta cike da zane. Da aka gama aiki suka ba shi hoto guda, shi a tsaye kusa da zanen wani babban malamin Kirista, irin wanda suke kira bishof, Larabawa su ce uskuf. Ya sa hoton a ƙasan akwati ya zo da shi Jidda.

Bayan rasuwar Mastura zazzaɓi ya kwantar da shi, maƙwabciyarsa Bashira ta shiga gyara masa ɗaki. Ta buɗe akwati neman riga, ta ga hoton, ga gicciye a jikin zanen. Bashira ba muguwa ba ce, baki ne da ita. Ta faɗa a wurin ɗiban ruwa da hantsi. Kafin azahar labari ya zama Baba Rafi'u bai taɓa musulunta ba, sunayen bangon nan kuma na waɗanda ya yi wa wankan Nasara ne.

Mai gidan, Hamad, jikan Takari ne haifaffen Jidda, kuma shi ne kafilin Baba Rafi'u, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa ta izinin zama a hannunsa take. Tsoro ya kama shi, don maganar gicciye in ta fita unguwa ba a san inda za ta tsaya ba. Ranar Alhamis bayan la'asar ya zo da bokitin farar ƙasa, tare da ɗan ƙanwarsa Saleh, wanda ya yi karatu a Madina, da na'ibin masallacinmu Malam Abdulghani. Mu mata muka cika tsakar gida muna leƙe ta ƙofa.

Hamad ya ce, "Ya ammi, halas. Ni ba na son mushkila. A shafe bangon nan yau, a ƙona hoto, magana ta mutu."

Saleh ya ce, "Tambaya ɗaya, ya ammi. Wannan shugul na rubuta matattu a bango, a ina ka samo shi?"

Muna ta addu'a a zuci ya ce a wurin malamansa na Maiwurno. Sai ya ce, "A cocin nan na gani."

Baba Rafi'u ya zauna a kan tabarma, don jikinsa bai gama warwarewa ba, ya ce su ma su zauna.

Ya ce akwai wani lungu a cocin da ba zane, sai rubutu layi-layi. Ya tambayi magatakardan aikin, wani Bakibɗe, Kirista ɗan Masar, mene ne wannan. Ya ce masa sunayen bishof-bishof ɗin garin ne, sun haura ashirin, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shekarun da ya yi yana riƙo da ranar da ya mutu. Mutanen Nuba, kakannin waɗannan Musulmin da muka sani, sun yi ɗaruruwan shekaru suna Kiristanci, daga Iskandariyya ake naɗa musu bishof.

"Na ce masa, to me bishof yake yi, liman ne? Ya ce ya fi liman aiki. A ƙasashen Rum na da, in yunwa ta shigo gari shi yake buɗe rumbu. In biyu sun yi rigima, gabansa suke zuwa kafin su je ga alƙalin sarki. Shi yake gina masaukin baƙi da gidan marasa lafiya, ya fanso wanda aka kama a yaƙi, ya binne wanda ba shi da kowa. In sarki ya yi fushi da gari, shi ake turawa ya ba da haƙuri. Ya ce daga baya wasunsu a ƙasar Turawa suka tara gonaki da dakaru har suka zama sarakai, suka manta da talaka. Na ce wannan ai ko'ina akwai."

Malam Abdulghani ya yi gyaran murya, wasu suka danne dariya.

"Addininsu ba nawa ba ne," in ji Baba Rafi'u. "Ni salla biyar nake yi tun ban kai bokitin nan tsawo ba. Amma na tsaya gaban rubutun nan na ce, mutanen nan garinsu ya mutu, yarensu ya canja, rairayi ya rufe su, ga shi yau an karanta sunansu. Da na zo nan na ga baƙon Allah, wanda ya baro gida don Ka'aba, ana binne shi da safe, da yamma ba mai iya faɗin sunansa. Sai na ji kunya."

Saleh ya ce, "Amma koyi da Nasara ne."

Na'ibi ya miƙa hannu aka ba shi hoton. Ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ashe bishof ɗin baƙar fata ne kamarmu." Sannan ya juya ga Saleh. "Kai da ka yi Madina, ranar da sahabbai suka karanta Suratu Maryam gaban Najjashi, su wa suka yi kuka tare da shi har takardunsu suka jiƙe?"

Saleh ya sunkuyar da kai. "Uskufansa."

"To. Hoton dai ba zai kwana a unguwar nan ba, a mayar da shi Sudan wurin danginsa. Bango kuwa ba kabari ba ne, ba a kuma yi masa sujada. Ni ban ga haram ba. Amma gida na Hamad ne."

Hamad ya ce shi fa ba fatawa ya zo nema ba, wuyansa yake ji wa tsoro. Ya ɗauki burushi ya tsoma a farar ƙasa.

Baba Rafi'u bai riƙe masa hannu ba. Ya ce, "Gidanka ne, ɗana. Alfarma ɗaya. Bari in karanta su sau ɗaya, wanda ya riƙe ko suna guda, ya riƙe."

Ya miƙe ya dafa bango ya fara daga sama. Wane ɗan wane, mutumin Kazaure, ranar Litinin. Wance 'yar wane, mutumiyar Maraɗi, ita da jaririnta. Sunaye sun fi ɗari uku. Tun ana cewa Allah ya jiƙansa a hankali har zaure da tsakar gida suka ɗauka gaba ɗaya. Bashira tana bayana, mayafi a baki, ta fi kowa kuka. Farar ƙasa tana ɗiga daga burushi a kan takalmin Hamad, bai ma sani ba.

Da aka kai ƙarshe, Hamad ya tsaya yana kallon ɗan filin da ya rage a ƙasan bango. Hausarsa ba ta da yawa, sai ya haɗa da Larabci. Ya ce, "Sittina, uwar babana, a Sawakin ta Sudan ta mutu suna jiran jirgi. Ba mu san yaum ɗin ba. Ana rubuta wadda ba a san ranarta ba?"

Baba Rafi'u ya ce, "Faɗi sunanta."

"Zakiya."

Ya jiƙa tawada. Hamad ya fita da bokitinsa ya shafe bangon banɗaki, don kada farar ƙasar ta lalace.

Baba Rafi'u, kai ne dangin wanda ya zo shi kaɗai. Kai ne ka ga alheri a gidan da ba naka ba, ka ɗauko shi ka kawo wa naka, kuma da aka tambaye ka ba ka yi ƙarya ba, alhali ƙarya ɗaya za ta fisshe ka. Ba ka da sanda, ba ka da rawani, amma yawancin abin da magatakardan nan ya lissafa maka, mun ga ka yi shi a Nuzla da hannu biyu. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa waɗanda ka wanke su tarbe ka ranar da kowa yake neman wanda ya san shi.

Yanzu Saleh ne yake riƙe alƙalamin. Baba Rafi'u yana zaune a gefe yana faɗa masa cewa rubutun 'yan Madina ƙanana ne, tsofaffi ba za su gani ba.

Ku kuma alhazai masu shirin komawa gida, kafin ku hau jirgi ku biyo ta Nuzla ku tambayi zauren, kowa ya san shi. Ku nemi sunayen garinku ku kwafe. Akwai matan da har yau ba su san ko takaba za su yi ko jira ba, kuma amsarsu tana jikin bangon nan.