Mai Riƙe Allura

Sodangi mutumin Kurfi ne, gyaran keke yake yi a kasuwar Dutsin-Ma, amma ba keke ne a ransa ba. Shekarar da aka sami 'yancin kai, ya naɗe wayar tagulla a guntun gora, ya haɗa da tsohuwar reza da allura da abin sawa a kunne da wani tsohon soja ya ba shi. Ya ɗaure doguwar waya a tsamiyar gidansu. Yana ɗora allura kan reza, sai ga muryar rediyon Kaduna, ba batir ba komai.

Wani ma'aikacin gidan waya ya gani, ya ce wa Sodangi ya zo Kaduna a koya masa aikin rediyo. Sodangi har ya wanke rigar tafiya.

Kafin ya tashi, sai ya sa wa mahaifinsa Malam Ilu abin a kunne. Tsohon da makanta ta zaunar shekara bakwai, sai ga shi yana dariya. Ita kuwa allurar ba ta zama da kanta, hannun Sodangi kaɗai ya san wurin. Ƙannensa sun gwada duk, ko tari ba ta yi ba.

"Baba, zancen tafiyata fa?"

"Bari a gama labarai."

Shekara tara ba a gama ba. Kullum da la'asar yana durƙushe, yatsa kan allura, abin ji kuwa ɗaya ne, yana kunnen tsoho. In ya tambayi abin da aka faɗa, sai Malam Ilu ya ce, "Kai dai kada ka motsa."