Bizar Kawu Mai Kananzir

Kawuna, yayan mahaifiyata, mutum ne mai tsafta har ta yi yawa. In ya gaisa da mutum sai ya zaro hankici ya goge tafinsa a fakaice, turarensa kuma kan riga shi shiga ɗaki. Ga baki kamar zuma. In ya zauna cikin dangi, yara da manya sai an riƙe ciki don dariya. Yanzu tayil da fenti yake sayarwa a wani shago mai ƙofar gilashi, amma in ka ce Mai Tayil ba wanda zai gane wa kake nufi. Mai Kananzir ake ce masa, a bayan idonsa.

Da kananzir ɗin ya fara. Tun yana saurayi yake tura jarkoki a baro, har ya samu ya kafa tanki a bakin layinsu. Wata shekara kananzir ya yi tsada har ya wuce fetur, sai Kawu ya ga hanya. Ya riƙa tuttula fetur a cikin tankin yana sayar wa maƙwabtansa, mutanen da yake gaisawa da su kullum safiya. Wata rana 'yar gidan da ke kallon nasa ta tsugunna za ta kunna risho ta ɗora ruwan wanka kafin ta tafi makaranta. Ashana ɗaya ta ƙyasta. Wutar ta ci mata rabin fuska da wuya da hannun hagu, uwarta kuma ta ƙona tafukanta wajen kashewa. Aka auna man, aka kama shi, kotu ta ɗaure shi 'yan shekaru.

Da ya fito bai taɓa kiran abin da sunansa ba. Sai dai ya ce "lokacin da na yi tafiya", ko "jarabawar da ta same ni". Dangi ma suka bi shi a haka. Mahaifiyata har yau in na ce gidan yari sai ta harare ni, ta ce ba a tonon tsohon miki.

Babban ɗansa ya je karatu ƙasar waje, ya samu aiki, ya yi aure can, matarsa ta haihu. Kawu ya ce shi fa sai ya je ya ga jika. Ni ce ke da shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo, don haka kaina aikin neman bizar yawon buɗe ido ya faɗo. Ya zo ya zauna a kujerar kwastoma, sai da ya kaɗe ta da hankici tukuna. Ina karanta tambayoyi yana amsawa, har muka zo kan wadda ke cewa ko kotu ta taɓa samun mai nema da laifi.

"Sa a'a," in ji shi, yana duba farcensa.

Na ce, "Kawu, za su ɗauki hoton yatsunka, kuma sai ka kai takardar shaida daga 'yan sanda. In suka kama ka da ƙarya, kai da ƙasar sai dai a talabijin."

"Ke 'yar nan, abin da ya wuce tun kina rarrafe? Wa zai tuna?"

"Kwamfuta ba ta mantuwa."

Ya yi tsaki ya tafi wajen wani lauya. Lauyan ya faɗa masa abin da na faɗa, ya ƙara da cewa ya haɗa da kwafin hukuncin kotu, da takardun shagonsa, da wasiƙar wani mai mutunci da zai shaida cewa ya gyara hali. Maganar wasiƙar nan ce ta shige masa kai.

Bayan kwana biyu mahaifiyata ta kira ni, muryarta har rawa take don daɗi. Wai Kawu ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, zai je ya nemi gafarar yarinyar da ta ƙone, in raka shi tunda mace ce. Wallahi na ji sanyi a raina. Na ce ashe tsufa na gyara mutum.

Yarinyar ta zama babbar mace, tela ce. Shagonta wani ɗan lungu ne a bayan kasuwa, keken ɗinki biyu da teburin yanka, ƙyallaye a ƙasa ko'ina. Ta ajiye kekenta yana fuskantar bango, ta yadda mai shigowa lafiyayyen ɓangaren fuskarta yake fara gani. Da ta juyo ta gane shi, ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ba ta ce mu zauna ba, ba ta kuma ce mu fita ba.

Kawu ya washe baki. "'Yata! Kai, an girma. Ya aiki? Ya tsohuwa?"

"Ta rasu," in ji Tela. "An daɗe."

"Ash sha! Ba wanda ya gaya mini." Bai ko sunkuyar da kai ba, ya sa hannu a leda ya ciro wani kwali mai ƙyalli ya ɗora a kan atamfar da take ɗinkawa. "Ga wannan. Man shafawa ne, ɗan waje, an ce yana goge tabo tas. Ki riƙa shafawa safe da yamma."

Na kalli ƙasa, na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ci gaba da cewa kowa da ƙaddararsa, shi ma wutar nan ta ƙona shi, tankinsa ya tafi, sunansa ya ɓaci, har ciwon ƙafa ya kwaso a can inda ya yi tafiya. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihu, an buga ta a wani shagon ba nawa ba. Ya karanta mata da kansa: wai ita mai sa hannu ta yafe masa tuntuni, abin tsautsayi ne, kuma ta san shi da tausayi da taimakon jama'a.

"Nan kawai za ki sa hannu. In ba damuwa 'yar ƙanwata ta ɗauke mu hoto tare, Turawan nan suna son hoto."

Tela ta karɓi takardar da lafiyayyen hannunta ta duba. Ta nuna wani wuri da aka bari fari a layin farko.

"Nan fa, me ya sa ba a rubuta komai ba?"

"Wurin suna ne. Ke za ki cike."

"Kai ka cike mana, Baba. Faɗi sunana in ji."

Kawu ya kalle ni, na kau da kai. Ya yi 'yar dariya ya ce tsufa ne, sunan yana bakin harshensa. Ya kira wani suna, ba shi ba ne. Ya kira na biyu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke takardar ta miƙa masa, ta ɗauki kwalin man da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mushen ɓera ta mayar a ledarsa. "An kira sunana a kotu a gabanka ya fi a ƙirga," ta ce. "Ku gaida gida, ina da ɗinkin mutane." Ta juya ga bango, keken ya ci gaba da ƙara.

Muna fita ya fara. Wai ka ga halin talaka, baƙin ciki ne kawai, ta ji zai hau jirgi. Wai man nan da tsada ya saye shi, gara ma da ba ta karɓa ba, zai kai wa matarsa. Ya buɗe mini ƙofar mota, na ce ina da sayayya a kasuwa, na tako da ƙafa har shago.

Daga baya wani abokin cinikinsa ne ya rubuta masa wasiƙar shaidar. Na cike sauran takardun saboda mahaifiyata, na sa "e" a inda ya kamata, ban ƙara ko harafi ba. Ranar ganawa ya sha fararen kaya ya tafi ofishin jakadanci. Da bakinsa ya ba mu labari: matar da ke bayan gilashi ta karanta hukuncin kotun, ta tambaye shi yaya mutanen da abin ya shafa suke yanzu. Ya ce ya ce mata sun warke sarai, har ziyara yake kai musu, kwanan nan ma ya je da tsaraba.

Na so a hana shi, ba zan ɓoye ba. Amma laifin ya daɗe, takardunsa sun cika, ɗansa kuma ya tsaya masa. Aka ba shi. Ya je ya yi wata guda, ya cika wayoyin dangi da hotuna: ga shi rungume da jika, ga shi a bakin teku da baƙin tabarau.

Tun da ya dawo ya zama malamin biza. Duk mai son fita waje shagon tayil yake zuwa, Kawu ya harɗe ƙafa yana ba da fatawa. "Gaskiya dokin ƙarfe ce," yake ce musu. "Ni nan da kuke gani ban ɓoye musu komai ba, shi ya sa suka girmama ni." Su kuma suna gyaɗa kai.

Bana matar ɗan nasa ta sake haihuwa, ya zo in cike masa sabbin takardu. Na ce injina ya lalace. Ya tsaya yana kallon injin yana ta fitar da takardun wani ɗalibi, ɗaya bayan ɗaya, da ɗuminsu.

"Wannan ɗin?"

Na ce, "Shi fa, Kawu."

Ya kai ƙarata wajen mahaifiyata, ta yi fushi da ni har ta daina ɗaga wayata na ɗan lokaci. A shagon gaba da nawa aka cike masa.