Gaisuwar da Ta Kori Hakima

Duk Gubuchi babu wanda ya kai Uwaliya mai ƙuli-ƙuli iya gaisuwa. In ta tare ka a bakin rijiya, to ajiye gugan kawai. Sai ta bi gidanku ɗaki-ɗaki, ta tambayi gajiyar shekaranjiya, ta tambayi akuyar da kuka sayar bara. Shekararta sittin da 'yan kai, ba a taɓa jin ta bar gaisuwa a tsakiya ba. A wurinta wannan aikin marasa tarbiyya ne.

Ita kuwa abokiyar zamanta ba ta ƙaunar mutane ko kaɗan. Wata farar kyanwa ce, Hakima, wadda marigayi Malam, mijin Uwaliya, ya tsinto a gonar rake shekarar da zai rasu. Da ta ji sallama sai ta haye katanga. Uwaliya na zaginta safe da yamma, amma kowa ya san ita kaɗai ta rage mata a gidan.

Sai 'yarta Khairunnisa ta haifi 'yan biyu a Ikara, dole ta je ta zauna mata har arba'in. Hakima ba ta shiga mota. An taɓa gwadawa, har yau direban na nan da tabonsa. Hankalin Uwaliya ya tashi, don kyanwa in ta ga gida ba kowa, sake gida take yi.

Ɗanta Mudathir, mai gyaran waya a Makarfi, ya kawo 'yar kyamara mai sola ya ɗaure a ginshiƙin rumfa.

"Inna, daga Ikara za ki riƙa ganinta a wayarki. In kika danna nan, za ta ji muryarki."

"Ita ma tana ganina?"

"A'a."

"Gara haka, kada raini ya ƙaru."

Aka bar wa maƙwabciya Zulaihatu aikin kai abinci. Ranar farko Uwaliya na kallo daga Ikara, sai ga Zulaihatu da kwano. To, ka ga mutum da idonka ka ƙi gaishe shi? Ta danna. "Zulai, ina kwana?" Saura kaɗan kwanon ya kife. Da Zulaihatu ta gane muryar, sai ta durƙusa gaban ginshiƙi, aka shiga gaisuwa.

Kafin azahar unguwa ta ji. Wa zai hau acaɓa zuwa Ikara barka, ga Uwaliya a jikin ginshiƙi? Kwana uku tsakani har an shimfiɗa tabarma. Wata ta zo da gyaɗarta tana ɓara, wata tsohuwa ta dire ƙwaryar fura a gindin ginshiƙin ta ce a kai wa mai jego. Uwaliya ta amsa wa kowa, ba ta rage wa kowa ko kalma ba. Abin da take gani a waya kuwa hanci ne da goshi. Hakima kuwa ko jelarta ba ta gani.

A rana ta tara Zulaihatu ta ce, "Inna, abincin fa kaji ke cinyewa. Jiya na hango ta a katangar gidan mahauci."

Gidan mahauci. Uwaliya ta san ba ta da abin da za ta yi takara da shi. Ta kira Mudathir.

"Inna, taron ne ya kore ta. Ki daina amsa musu, za su watse."

"Ni? A yi min sallama in yi shiru kamar gunki?"

"Ki amsa a inda kike, kada dai ki danna."

Washegari da hantsi mata suka zo, suka yi sallama har sau uku. Uwaliya na bakin gado a Ikara, ta zauna a kan hannunta na dama don kada ya ci amanarta, tana amsa wa kowacce da sunanta, ba mai ji sai jarirai. Ta ji wata ta ce abin ya lalace. Tsohuwar nan mai fura ta ce, "Dole ya lalace, ko ƙarfe ne ai ya gaji da Uwaliya." Wannan maganar Uwaliya ta riƙe ta a rai, sai ta koma gida za su haɗu.

Kwana uku tana wannan azaba, aka naɗe tabarma. A na huɗu tsakar gida ya yi tsit, sai ga Hakima ta diro daga katanga. Ta shinshina kwano, ta yi masa kallon wanda ya saba cin hanta, sannan ta wuce ƙarƙashin rumfa ta kwanta daidai inda Malam yake shimfiɗa buzunsa.

Uwaliya ta danna a hankali.

"Hakima, ina kwana? Ina gajiya? Ya zaman kaɗaici, 'yar banza?"

Kyanwar ta ɗaga kunne ɗaya, ba ta tashi ba. Daɗi ya kama Uwaliya, baki ya ci gaba da abin da ya saba. Ya gida, ya kaji, ya maƙwabta.

"Ya maigidan?"

Kewar Malam ta taso mata. Ta cire yatsa daga wayar, ta goge ido da bakin zane, ta bar gaisuwar a nan. Hakima kuwa ta gyara kwanciya.