Layin Masu Rauni

A unguwar babu wanda ke kiransa da sunan yanka, Jan Biro kowa ya sani. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu a caji ofis. Bai taɓa sa kaki ba, bai taɓa riƙe bindiga ba, amma kurata sun fi shakkarsa a kan babban jami'in wurin. Ka kawo masa rahoto da kuskuren kwanan wata, sai ya zaro jan biron nan daga aljihun gaba, ya ja siririn layi a kan kuskuren, ya rubuta daidai a sama, ya sa hannu a gefe. Ba ya gogewa, ba ya yagewa. Yakan ce wanda zai zo bayanka yana da hakkin ya ga abin da ka fara rubutawa. Mutum ne mai wuyar sha'ani, gaskiya. Ko katin gayyata ka miƙa masa sai ya nemo masa aibu.

Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, taga ɗaya, fanka mai ƙara, da kabad uku na ƙarfe cike da rajista. Babban aikinsa rahoton ƙarshen wata. Abin da ya shafi bindiga layi uku gare shi a fom ɗin: waɗanda aka kashe, waɗanda aka ji wa rauni, da bindigogin da suka shigo hannun hukuma. Ranar aiki ta ƙarshe a wata, ƙarfe sha biyu na rana, ake rufewa. Halin da mutum yake ciki a lokacin shi za a rubuta a tura sama. In ya cika bayan nan babu mai komawa ya gyara, takarda ta riga ta tafi.

Matarsa tela ce, shagonta a gaban gida, shi ya sa yake ce mata Mai Ɗinki. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ta yi aure a wani gari mai nisa. Shekara shida da suka wuce, a shekarar da aka sassauta dokar ba da lasisin bindiga, maƙwabcinsu mai sayar da kayan gyaran mota ya sayi tasa. Ran ashirin da shida ga wata, da hantsi, ya hango wani yana ƙoƙarin ɓalle masa ƙofar mota, ya harba sau biyu. Ɓarawon ya sha, ko ƙwarzane bai yi ba. Harsashi ɗaya ya ratsa labulen shago ya sami Mai Ɗinki a ƙasan haƙarƙari, ƙafarta na kan fedar keken ɗinki.

Likitoci suka yi mata aiki, aikin ya yi kyau. Ran talatin da ɗaya har ta tashi zaune tana shan shayi. Jan Biro ya bar ta da safe ya je ofis ya cika fom, ya sa ta a layi na biyu da hannunsa, yana jin daɗin da bai taɓa ji ba a wajen rubuta lamba. Da la'asar ya dawo asibiti.

"Na sa ki a layin masu rai," ya ce mata. "Kada ki mai da ni maƙaryaci."

"Kai da ba ka kuskure, Malam? Ai ko mutuwa sai ta ji tsoron bironka." Ta yi dariya ta dafe gefenta. "Dubi dai, yau tela aka ɗinke. Kuma wallahi da ni ce na yi wa wani wannan ɗinkin, da ya dawo min da shi."

Ran biyu ga sabon wata zazzaɓi ya rufe ta, ran huɗu ta cika. Da ya koma aiki ya buɗe rajistar, ya zaro biro, ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya mai da biron aljihu. Babu wanda ya tambaye shi, ƙa'ida ma tana bayansa. Bayan shekara biyu ya yi ritaya.

Tun daga nan rayuwarsa ta koma ɗaki ɗaya. Kofi ɗaya yake wankewa. Shagon yana kulle, keken ɗinkin yana ciki rufe da zane, da yadin da take ɗinkawa har yanzu a ƙarƙashin allura. 'Yarsa kan bugo waya ranar Lahadi, ta tambaye shi ciwon ƙafa, ta roƙe shi ya bar ta ta ɗauke keken ko ya ba da hayar shagon, ya ce a bari tukuna. Abokan hira ba su da yawa, don mutumin da ya shekara talatin yana gyara wa mutane magana ba ya tara jama'a. Kaɗaici ya ci shi sosai, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Rediyo ce ke magana a gidan.

A rediyon ya ji muhawarar. Majalisa za ta sake duba dokar lasisin bindiga, an haɗa wani ɗan majalisa mai son a ƙara sassautawa da wata lauya mai son a tsananta. Ɗan majalisar ya ce kafin sassauci mutum ashirin da biyu aka kashe da bindiga a yankin, a shekarar sassauci kuwa sha huɗu kacal, ɓarayi sun san mutane na da abin kare kansu. Lauyar ta ce ƙarya ne, laifukan bindiga ninki uku suka yi a wannan shekarar. Kowa na rantsuwa da alƙaluman hukuma, kowa na ɗaga murya.

Jan Biro ya ajiye kofi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, waɗannan lambobi a teburinsa aka haife su. Ninki ukun lauya ya san asalinsa: shekarar ce aka yi yekuwa a kawo tsofaffin bindigogi ba tare da hukunci ba, mutane suka yi ta zubo masu tsatsa na gadon kakanni, ko wacce ya shigar da ita layi na uku. Sha huɗun ɗan majalisa ma ya san ta. Shekarar ce aka buɗe ɗakin tiyata a asibitin garin, waɗanda a da kan mutu a hanya suka koma yin kwanaki kafin su cika, wata ya rufe suna layi na biyu. Ɗaya daga cikinsu matarsa ce, a gadonta yake kwana.

Da aka ce za a saurari ra'ayin jama'a a babban ɗakin taro, ya gaya wa 'yarsa zai je.

"Baba, don Allah ka ƙyale su," ta ce. "Me zai dawo da Mama? Hawan jininka kawai za su tayar."

Ya goge rigarsa da kansa, ya tafi. Ɗakin cike, an raba kujeru gida biyu, kowane ɓangare da kwalayensa. Ya rasa inda zai zauna, ya tsaya jikin bango. Minti biyu ake ba kowa. Da layi ya zo kansa ya bayyana ƙa'idar ƙarfe sha biyu, ya ce sha huɗun nan ba ta cika ba. Sauran ba zai rantse a kansu ba tun da bai bi sawunsu ba, amma mutum ɗaya ya tabbatar, don matarsa ce.

"Allah ya jiƙanta, Baba," in ji ɗan majalisar cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. "Amma mu da takardar hukuma muke aiki. Wanda ya rubuta ta ya fi ni da kai sanin aikinsa."

"Ni na rubuta ta, ranka ya daɗe."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka tafa, mai kula da lokaci ya kaɗa ƙararrawa. A bakin ƙofa lauyar ta tare shi da fara'a, tana so ya ba su hoton marigayiya su buga a kwali. Ya ce mata zai yi tunani, amma ita ma ta daina faɗin ninki uku, ya soma yi mata bayanin bindigogi masu tsatsa. Fara'ar ta ragu.

"Baba, wai kana tare da mu ne ko da su?"

Nan take aka kira ta ciki. Washegari a rediyo ɗan majalisar ya sake cewa sha huɗu, lauyar ta sake cewa ninki uku, ta ƙara da labarin wani dattijo da ya yi kuka a taro. Bai yi kuka ba. Wannan ƙarin ya ba shi haushi, amma abin da ya hana shi cin abinci daban ne: ya tsaya gaban jama'a yana ƙaryata lambar da shi ya ƙi gyarawa, kuma ya san dalili. A duk duniya wannan shafin ne kaɗai wurin da Mai Ɗinki ba ta mutu ba.

Ranar Talata ya je tsohon ofishinsa. Matar da ta gaje kujerarsa ta miƙe tsaye da ganinsa. An sa kwamfuta, amma kabad ɗin suna nan. Da ya faɗi rajistar da yake nema, ta ɗauko ta kaɗe ƙura.

"Malam, ka san ko ka gyara babu abin da zai canza a sama. Sun riga sun buga littafi."

"Na sani. Ki tsaya ki zama shaida."

Ya buɗe shafin watan. Rubutunsa ne, tsaf, har da 'yar lanƙwasar da yakan yi in yana cikin nishaɗi. Ya zaro jan biron. Ya ja layi a kan adadin masu rauni ya rage ɗaya, ya ƙara ɗaya a layin farko. Ya juya shafin jimillar shekara, ya soke sha huɗu ya rubuta sha biyar. Ya sa hannu da kwanan wata, ita ma ta sa. Sannan ya ajiye mata biron a kan tebur.

Da ya isa gida bai kunna rediyo ba. Ya buɗe shagon, ya ɗaga allurar, ya zare yadin ya ninke. Sai ya bugo wa 'yarsa waya.

"Baba, lafiya? Yau Talata fa."

"Lafiya," ya ce. "Mamanki ta rasu. Ki zo ki ɗauki kekenta."